Ƙanƙarar da Aka Sha Ina Cikin Sallah

Sana'ata ƙanƙara. Ina ƙulla ruwa a leda, in jera a firigo, in sayar. Mahaifinmu daga Damagaram ya zo Diffa ya buɗe shago a bakin kasuwa. A nan aka haife mu ni da ƙanwata, a nan na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, a nan na yi aure, a nan mijina ya rasu. Aikin ƙanƙara ba ya neman ilimi mai zurfi, tsari yake nema. Da farko a wanke hannu. Sannan a tace ruwa. Sannan a ƙulla, a goge bayan leda, a jera, ta jiya a gaba, ta yau a baya. Wanda ya yi na uku kafin na biyu zawo zai sayar wa mutane. Haka na koya wa duk wanda ya zauna a gidana, kuma ban taɓa sa ran a so ni saboda haka ba.

Ƙanwata ta rasu ta bar ɗiya mace, ni na riƙe ta. Yarinyar ta yi karatu a nan, ta wuce Yamai, daga can ta wuce inda sai da jirgi. Idan maƙwabta suka tambaye ni nakan ce karatun likita take yi, don shi ne amsar da ke rufe baki da wuri. Ban san ainihin abin da take karantawa ba sai shekarar da ta dawo gida da takalman roba masu kaiwa gwiwa, da safar hannu, da kwali cike da kwalabe.

Ta zo kogin Komadugu na da sauran ruwa, masu tattasai suna ta ban-ruwa. Na ɗauka hutu ta zo. Washegari da safe ta sa takalman ta fita, kuma duk inda na hana ta zuwa tana ƙarama, nan ta nufa. Ta je inda kwatar bayan kasuwa ke gangarawa. Ta je bayan ƙayoyin bakin kogi inda maza ke tsugunawa, su tashi su ɗauraye hannu a ruwan da wata ke wanke kwano taku kaɗan daga nan. Ta je kududdufan da shanu ke shiga su sha su yi fitsari a tsaye. Har gefen Bosso ta kai sau ɗaya, da takardar izini da ɗan rakiya. Da yamma ta dawo tana wari irin na ruwan da ya kwana a tukunyar kifi, tana murna kamar an ba ta kujerar Makka.

Wani ɗan labo, ɗakin gwajin jini, a cikin gari ya ara mata kusurwa. Can take kai ruwan, ta shuka shi a ƴan faranti, abin da ya tsiro ta tsince ta zuba a ƙananan kwalaben roba da ba su kai ɗan yatsa ba. Firigon labon ɗaya ne, na jini ne da allurai, ba a haɗa su da irin kayanta. Ni kuwa ina da biyu, babba na sana'a da ƙarami na cikewa.

Ta same ni ina ƙulli ta tsuguna nesa kaɗan, don ta san dokata.

"Inna, aron ƙaramin firigo nake so."

"Me za ki sa?"

"Ƙwayoyin cuta. A rufe suke gam."

"Na ina?"

Ta sosa kunne. "Masu zama a hanjin mutum da na dabba. Idan sun fito, ruwa ya kwashe su."

"Kashi ke nan."

"Ba kashi ba ne, Inna. Abin da ke cikinsa ne."

"Kin ƙara ɓata maganar."

Na gama layin da nake ƙullawa, na wanke hannu, sannan na ce ba zan ce e ko a'a ba sai ta gaya mini abin da mutum mai hankali, wanda aka kashe wa kuɗin makaranta, yake nema a cikin wannan ƙazanta. Na ce ta fara daga farko, kada ta tsallake.

Ta ɗauko faifai, ta ɗebo wake da gyaɗa da masara da irin tattasai, ta jera su a layi ɗaya a gauraye. Ta ce a cikin kowace ƙwayar cuta akwai saƙo, kuma haruffansa iri huɗu ne kawai, kamar waɗannan. Akwai wani ɗan inji da ke bin layin yana karantawa, sunansa ribozom. Uku-uku yake ɗauka. Duk uku da ya karanta sai ya ɗauko tubali ɗaya ya ɗora a kan na baya, har ya gina abin da ƙwayar ke buƙata ta rayu. Ta bi layin da yatsa: uku, tubali, uku, tubali.

Wannan ya yi mini. Na ce ashe ko a cikin masai akwai mai tarbiyya.

"Tsaya, Inna, ban gama ba."

Ta gyara wani wuri a tsakiyar layin, ta jera wake shida a bayan juna da gyaɗa ɗaya a ƙarshensu. Ta ce nan santsi ne, don duk inda injin ya taka abu iri ɗaya yake ji. Sannan ta ƙulla zare ta ajiye ƙullin gaba kaɗan. Ta ce saƙon kansa yakan naɗe a nan ya yi ƙulli. Injin ya taho ya tarar da ƙulli a gabansa, dole ya dakata, ƙafarsa kuma tana kan santsi. Sai ya zame baya da ƙwaya ɗaya. Ɗaya tak. Ya ci gaba da ɗaukar uku-uku kamar ba abin da ya faru, amma daga nan har ƙarshen layi kowane uku ya zama wani uku daban. Ta nuna mini. Inda ɗazu aka ɗauki gyaɗa, masara, wake, yanzu wake, gyaɗa, masara ne.

Na ce, "Sai ya gina shirme."

"A'a. Sai ya gina wani abu daban, mai aiki. Saƙo biyu ne a kwance a layi ɗaya. Wasu injinan su wuce daidai su gina na farko, wasu su zame su gina na biyu. Ƙwayar tana buƙatar duka. Santsin da ƙullin alama ce aka sa musamman, ba haɗari ba ne. Alamar nake karantawa."

Na daɗe ina kallon faifan. Kuskure na san shi. Yaro ya yi, a tsawata masa, ya gyara. Amma kuskuren da aka shirya tun farko, aka share masa wuri, aka kafa masa alama, har ana jiransa ya zo, wannan ban san inda zan ajiye shi ba. Ya yi mini kama da gidan da mai gida ke barin ƙofar baya a buɗe da gangan. Ban ce komai a kan halittar Allah ba, don ba ni da bakin cewa. Amma Shi ya halicci ƙuda ma, kuma bai ce in so shi ba.

Na tambaye ta amfanin sanin haka. Ta ce a cikin saƙon akwai wasu guntaye da ba sa zama wuri ɗaya. Sukan yanke kansu daga nan su je su manne can, kuma wani lokaci su tafi da dabarar ƙin jin magani. Almakashin da yawancinsu ke yanke kansu da shi ba ya samuwa sai injin ya yi wannan zamewar. Ta ce in tuna masu tallan magani a faranti, kafso ja da rawaya suna gasuwa a rana, mutum ya sayi biyu ya haɗiye, ya ji sauƙi ya bari, ragowar ya ɗura wa akuya. Duk wannan a kogi yake ƙarewa. Tana so ta gwada ƙwayoyin sama da gari, da na cikin gari, da na ƙasa wajen Bosso, ta ga ko alamar ta bambanta. Shi ya sa kowace kwalba sai an san daga ina ta fito. Alƙalaminta mai rubutu a jikin roba ya bushe saboda zafi, don haka take rubutawa da biro a ƴar takarda mai danƙo ta manna.

Masu tallan maganin nan na daɗe ina ƙyamarsu, saboda haka a nan ta same ni. Na ba ta firigon, da sharuɗɗa. Na farko, a fitar da shi daga ɗakin ƙanƙara a kai shi rumfar da ke kusa da bayan gida, inda danginsa suke. Na biyu, a sa masa kwaɗo. Na uku, kwalaben su shiga roba mai murfin murɗawa, robar ta shiga leda. Na huɗu, duk ranar da ta taɓa shi ba ta kusantar babban firigo sai ta yi wanka ta wanke hannu da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta. Ta ce dokokina sun fi na labo tsanani. Na ce su labo ba su sayar wa masu azumi ruwa.

Waken da gyaɗar da ta jera ban mayar da su buhu ba. Kaji na watsa wa.

Haka muka zauna. Duk lokacin da na wuce ta rumfar na ji firigon yana gunji, sai in kau da kai in ƙara sauri. Idan aka ɗauke wuta, ni da ban taɓa tayar da gurup, injin wuta, don in sha iskar fanka ba, sai ga ni ina jan igiya don kada abin cikin hanjin wani ya ji zafi. Azumi ya kama, zafi ya sauko, Komadugu ta tsinke ta zama kududdufai masu kore a sama. Lokacin ne ake rububin ƙanƙara a ƙofar gidana tun la'asar, kuma kullum ina sallamar mutane hannu wofi alhali ga firigo guda ina ciyar da shi wuta.

Ta gama tattara abin da za ta tattara, sai zazzaɓi ya kayar da ita. Ban yi mamaki ba, wanda ya wuni a kwata ai da tsaraba zai dawo. Aka sa mata ruwa a hannu, ba ta iya miƙewa. A makon ne wani abokin aikinta zai ratsa ta Damagaram da mota mai firigo zuwa Yamai, kwana ɗaya zai yi ya wuce. Idan kwalaben ba su same shi ba, babu wata hanyar kai su da sanyinsu, kogi kuwa ya riga ya tafi sai baɗi. Aikin shekara guda ne a cikin robar nan, da wa'adin da malaminta ya ɗiba mata. Ta fara cewa za ta cire robar ruwan ta tafi. Na ce ta kwanta. Damagaram garin ubana ne, na san hanya.

Tana kwance tana faɗa ina shiryawa. Ƙanƙara a ƙasan kula. Roba a tsakiya. Ƙanƙara a gefe, ƙanƙara a sama. Murfi, sannan igiya. Ƙanƙarar tawa ce, da hannuna na tace ruwanta, amma daga lokacin da ta shiga kular nan na cire ta daga sahun abin sha.

"Kada a buɗe, Inna. Ko sojoji ne, ki nuna musu takarda."

"Ni kike koya wa rufe abu?"

Na hana a ɗora kular a saman mota. A ƙarƙashin ƙafafuna ta zauna. A shingen farko wani soja ya tambayi abin da ke ciki, na ba shi takardar labo, na kuma gaya masa da Hausa. Ya ja da baya ya ce in wuce. A duk tafiyar nan shi kaɗai na gani mai hankali.

Bayan Gudumariya motar ta mutu. Muka sauka muka raɓe a inuwarta, inuwar da ba ta isa rabinmu ba. Matafiyi yana da izinin ajiye azumi, amma ba wanda ya ajiye, kowa yana jin kunyar na kusa da shi. Direba ya sha fama har rana ta sunkuya kafin motar ta tashi. Ba mu yi nisa ba ya sake tsayawa, a fili, babu gari babu rijiya, don rana ta kusa faɗuwa. Ruwan da ke cikin jarkar motar ya yi zafin da za a iya jefa masa ganyen shayi. Ita kuwa kulata tana ta gumi, ɗigonta ya jiƙa yashi.

Akwai wani Alhaji a motar, ɗan kasuwar tattasai, ƙato, mai turare a kan gumi. Tun Maine yake ba mutane dariya. Shi ya matso.

"Hajiya, kamar ƙanƙara nake ji tana kuka a ƙarƙashin ƙafarki."

"Ƙanƙara ce. Ba ta sha ba ce."

"Ta mece ce, ta ado?"

Na yi masa bayani bi da bi. Na ce ɗiyata ce ke bincike, na ce ƙwayoyin cuta ne na cikin kashi, daga kwata da kududdufai aka ɗebo su, na ce ƙanƙarar tana tsaron su ne har Damagaram. Mutane sun taru suna ji.

Ya juya ya dubi jama'a. "Na ji ƙaryar masu rowa iri-iri, amma wannan sabuwar fitowa ce. Hajiya, wa ke ɗaukar kashi daga Diffa ya kai Damagaram? Su can ba su da nasu?"

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa Babarbariya da ke kusa da ni tun safe, wadda ta ba ni rabin inuwar mayafinta, ta taɓa gwiwata. "Ya Hajja, ƙarami kawai. Na sa a baki." Leɓenta ya tsage. Na ce mata ta yi haƙuri, ba abin da zan ba uwata ba ne, ba zan ba ta ba. Ta janye hannunta.

Na san al'adar, a cikinta na girma. Idan rana ta faɗi a kan hanya, abin da ke hannun mutum ɗaya na kowa ne, dabino ne ko ƙosai ko ruwan sanyi, kuma ba a tambaya sau biyu. Ban taɓa ganin laifinta ba sai ranar.

Aka kira sallah. Na yi yadda na saba tun ina budurwa: dabino, kurɓin ruwa, alwala, sallah, sannan abinci. Na ɗauki kular na zagaya bayan mota inda mata suke, na ajiye ta a gefena na hagu, na shimfiɗa darduma, na kabbarta.

Jira suke yi. Ina cikin raka'a ta biyu na ji an ja kular a kan yashi. Na ji ana kwance igiya. Na ji murfin ya yi ƙara, irin ƙarar da na sani kamar muryar ɗiyata. Mai sallah ba ya magana, ba ya waiwaye, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Na ɗaga murya na ce, "Subhanallah." Wani daga baya ya ce, "Allah ya karɓa, Hajiya." Daga baya malamin unguwarmu ya gaya mini da na yanke sallar ba laifi, tunda amanar wani ce ke salwanta. A lokacin ban sani ba, kuma ko na sani ban tabbata jikina zai yarda ba, don ban taɓa fara abu na bar shi a tsakiya ba.

Na ji ana fasa ƙanƙara da ƙarfen taya. Na ji tana faɗawa cikin kwano. Na ɗago daga sujada, sai na rasa inda nake. Biyu na yi ko uku? Magariba, raka'a uku kacal, wadda nake yi tun kafin a haifi rabin mutanen motar. Hukuncin mai shakka na sani: ya ɗauki mafi ƙaranci, ya cika, ya yi sallama, ya yi ba'adi. Haka na yi, ban rage komai ba. Duk sujadar da na ƙara, ƙulli guda ne ke fita daga kular.

Da na shafa addu'a na juya, ga abin da na gani. Ƙanƙara a buta, butar da aka zagaya da ita bayan ƙayoyi ɗazu. Ƙanƙara a kwano yana yawo daga baki zuwa baki. Alhaji a tsugune, kumatunsa a cike, ruwa na bin gemunsa. An yage ledar, an murɗe murfin robar, don wani ya ce ƙila nonon yawur ne daskararre na ɓoye. Da suka ga ba shi ba ne sai suka kife ta a cikin kular. Kwalaben suna iyo a ruwan da ya narke a ƙasa, ƴan takardun da ɗiyata ta manna sun saɓule suna yawo a sama kamar ɓawon kifi. Wannan ruwan ne wata mata ke kamfata da kofi. Ta riga ta ba tsohuwar, tsohuwar ta shanye tana ta godiya ga Allah.

Alhaji ya tura ƙanƙarar gefen baki ya ce, "Hajiya, lada muka samo miki da ƙarfi. Da mun bar ki da kin kwana da alhakin mota guda. Ga shi ma mun rage miki."

Na sa leda a hannu na tsamo kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ina murɗa kowane murfi in ji ko ya saki. Babu wanda ya saki. Na ɗaga guda sama inda sauran haske zai ratsa ta, abin da ke ciki ya narke ya yi kalar ruwan wankin shinkafa.

Na ce, "Wannan, ko wata a cikinsu, daga kwatar bayan kasuwa take, daidai inda mahauta ke zubar da tumbi. A cikin ruwan da ta yi wanka kuka sha."

Matar ta saki kofin. Wani saurayi ya koma gefe yana zura yatsa a maƙogwaro. Tsohuwar ta dube ni ta dubi kwalbar, ta fara tofar da yawu a hankali. Shi kuwa Alhaji ya tauna ta bakinsa ya haɗiye ya ce, "To ai da bismilla muka sha." Ya miƙa hannu ya ɗauki wani guntun daga kwanon.

Na zubar da ruwan nesa da mutane na rufe shi da yashi. Na tsince takardun, biron ya riga ya wanke, sai shuɗi-shuɗi. Na mayar da kwalaben cikin roba, na tattara ragowar ƙanƙarar na kewaye ta, na jiƙa zane na naɗe kular, na ɗaure. Na wanke hannu da sabulu har ruwana ya ƙare. Abincin da na taho da shi ban iya ci ba. Har muka shiga Damagaram ba wanda ya yi mini magana, ni ma ban nema ba.

Da safe na kai wa abokin aikin ɗiyata kular. Ya buɗe da safar hannu, ya juya kwalaben, ya ware ƴan kaɗan da takardarsu ta tsira. Ya tambaye ni ko na san yadda suke a jere tun farko. Na ce ban sani ba, ban taɓa yarda na kalle su da kyau ba.

Na dawo gida na tarar ta fara zama. Na ba ta labari daga shingen farko har zuwa hannun abokin aikinta, ban tsallake komai ba, har da raka'ar da ta ɓace mini. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya fuska bango. Na bar ta, na je na kashe ƙaramin firigo.

Bayan ta koma wurin karatunta ta kira ni. Na tambaya ko ƙwayoyin sun mutu.

"Ko ɗaya, Inna. Duk sun tashi. Har zamewar suna yi lafiya lau."

Wannan ya fi komai ɓata mini rai. Ƙanwata zazzaɓin kwana kaɗan ya ɗauke ta, tana kan gado mai tsabta. Waɗannan an narkar da su, an kife su, an jijjiga su a hanyar Gure, sun tashi garau. Amma tashin nasu bai amfane ta ba, don ba ta san wace ce ta sama da gari ba, wace ce ta Bosso, kuma tambayar tata ke nan. Malaminta ya ƙara mata shekara, ya ce ita ce ta ƙarshe. Mutanen motar kuwa ban san abin da ya same su ba. Ta ce tunda murafen ba su saki ba da wuya wani abu ya kama su. Tsohuwar kawai nake tunawa.

Da ruwa ya dawo ita ma ta dawo, da takalmanta da warinta, da alƙaluma masu rubutu a jikin roba cike da jaka. Na kunna firigon rumfa ban jira ta roƙa ba. Azumi ya sake riskar aikin, motar Yamai ta sake sa rana, ita kuma tana da sauran wurare a ƙasan kogi da ba za ta iya bari ba. Tafiyar ta sake faɗowa kaina.

Kafin in tashi na je wurin malamin unguwarmu na zayyana masa komai. Ya ce matafiyi yana da sauƙi: zai iya jinkirta magariba ya haɗa ta da lisha idan ya sauka. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, ya ce rangwame ne da shari'a ta yi, ba sakaci ba ne.

Rana ta faɗi mana kafin Gidimuni. Na sauko da kular, na zauna a kanta, na ci dabino, na sha ruwan zafi. Mutane suka yi sahu, ni ina zaune. Wata ta ce, "Hajiya, ba kya sallah ne?" a shekaruna. Na ce ta yi tata. An roƙe ni ƙanƙara, na ce babu, ban yi wa kowa bayani ba. Zaman nan ya yi mini ɗaci kamar na fita tsakar kasuwa ba ɗankwali, amma ban ɗaga ba sai a gidan ƴan uwana a Damagaram, inda na kulle kular a ɗaki, na yi raka'a uku, na yi huɗu.

Washegari na miƙa wa mai motar Yamai kular da igiyarta yadda aka ɗaure. Na kira ɗiyata na ce sun isa, kowace da sunan wurinta.

"Alhamdu lillahi. Wa ya tsare miki kika yi magariba?"

"Ban yi a hanya ba. Na haɗa da lisha."

Sannan na ji dariya tana neman ƙwace mata.

"Inna. Kin zo daidai wurin da aka sa alama, kin tarar da ƙulli a gaba..."

"Malam na tambaya."

"Ai su ma ba da kansu suke..."

"Kada ki haɗa ni da abin cikin masai," na ce, na kashe wayar.

Da waɗannan kwalaben ta gama karatunta. Ta aiko mini hoton littafin, akwai zanen layi da ƙulli a ciki, na gane shi ba tare da an gaya mini ba. Firigon yana nan a rumfa. Na wanke shi da jabel har roba ta fara fari, ta kuma rantse mini cewa ya fi babban tsabta. Kowane azumi ƙanƙara tana yanke mini tun kafin la'asar ta yi sanyi, masu saye suna nuna shi suna cewa ga wani can a zaune. Nakan ce ya lalace.